Man Birki da Man Giya: Yaushe Ya Kamata a Canza Su?



Duk mai mota a cikinmu ya san juye. Ko bai taɓa leƙa inji ba, ya san in mota ta ɗan yi tafiye-tafiye direba zai zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, lokacin juye ya yi," ko kuwa ya ce bidanji in ɗan Maraɗi ne ko Garwa, a ƙirgo kuɗin baƙin mai da filta a ba shi. Wannan kam ba a mantawa, don direba ba ya bari a manta. To amma akwai wasu mayuka guda biyu a jikin mota waɗanda ba mai tuna su sai ranar da suka ba da kunya, wato man birki da man giya. Akwai motocin da suka shekara goma a hannunmu ba a taɓa zubar da ko ɗaya daga cikinsu ba, sai dai ciko.

Mai dakon siminti in motarsa ta lalace a hanya, ya kwana uku a wurin, simintinsa na nan yadda yake. Mu kuwa kayanmu masu rai ne. Saniyar da ta kwana biyu tsaye cikin mota a rana, ba ruwa ba ciyawa, ba ita za a sauke a Legas ba, ƙashinta za a sauke. In ɗaya ta kwanta sauran suka tattake ta, sai wuƙa a bakin titi, a sayar wa mahaucin da aka samu a kuɗin da ya ga dama. Wannan in giya ce ta tsaya ke nan. In birki ne ya ƙi, maganar ta wuce ta dukiya.

Abin da za a riƙe tun farko shi ne, mayukan nan biyu ba da ma'auni ɗaya ake auna su ba. Man birki da watanni ake lissafa shi, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Man giya kuwa da kilomita da nauyin aiki ake lissafa shi.

Man birki

Shi ne wanda a Nijar da Kamaru da Cadi direbobi da yawa ke kira lokid. Aikinsa ɗaya ne: in ka taka birki, ƙafarka ta tura man, man ya bi ta siraran bututu har ƙafafun mota huɗu, ya matse takalman birki. Abin da ya sa yake iya wannan aiki shi ne ruwa-ruwa ba ya matsuwa. Yadda ka tura shi a nan, haka zai tura a can.

To aibinsa guda, yana shan laima daga iska kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina ko ba a zuba masa ruwa ba. Laimar tana shiga ta ɗan hucin murfin kwalbar da ke gaban mota, tana kuma ratsa robobin bututu a hankali. Ba yoyo ba ne, ba kuma laifin direba ba ne, halin man ne. Wata bayan wata ruwan cikinsa na ƙaruwa, kai kuwa ba ka ganin komai, birki na ci lafiya lau.

A jikin kowane gwangwani za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Ma'aunin hukumar sufuri ta Amurka ne, kuma ya ƙayyade zafin da man zai jure kafin ya tafasa. Sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 ba, DOT 4 kuwa 230. Amma in suka sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ma'aunin ya sauko zuwa 140 ga DOT 3, 155 ga DOT 4. Wato ɗan ruwan da bai taka kara ya karya ba ya cinye digiri 65 zuwa 75.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya, ka ce daga Damagaram zuwa Maigatari ko daga Ƙonni zuwa Illela, wannan ba zai taɓa nuna kansa ba, don birki ba ya yin zafin da zai kai can. Inda yake nuna kansa shi ne doguwar gangara da kaya a baya. Wanda ya ɗauko shanu daga Potiskum ya bi ta Bauchi da Jos zai gangara Akwanga ya san Hawan Kibo. 'Yan'uwanmu na Kamaru sun san gangarar dutsen nan da ke tsakanin Ngaundare da Garwa, haka masu saukowa daga Mambila. A irin waɗannan wurare direba na kan birki minti bayan minti, ƙarfe ya yi zafi, zafin ya isa ga man, ruwan da ke ciki ya tafasa ya zama tururi. Tururi kuwa yana matsuwa. Sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, ba abin da ya riƙe ta.

Muguntar abin ita ce, in motar ta huce tururin ya koma ruwa, birki ya dawo garau kamar ba a yi komai ba. Mai mota ya iso wurin bayan awa biyu, ya taka birki ya ji yana ci, sai ya ce direba ƙarya yake yi, barci ya yi. Wasu kuma su ce ai wurin nan da ma akwai iska. E, akwai iska, amma a cikin bututun birki take.

Ban da tafasa, ruwan nan yana cin ƙarfe ta ciki. Tsatsa ta kama silinda, roba ta bi ta kan tsatsa ta yage, yoyo ya fara. Gyaran da kuɗin gwangwani biyu zai hana, sai ya koma sayen masta sabuwa.

To yaushe za a canza? Yawancin kamfanonin Turai shekara 2 suke rubutawa a littafin mota, wasu na Japan shekara 3. Ni dai a ganina mu shekara 2 ita ce iyaka, kuma motar da kullum tana kan hanyar kudu, ko tana bin duwatsu da kaya, a canza mata duk shekara. Kada busasshiyar iskar Sahel ta ruɗe mu. Motar da ta kwana a Tawa jibi tana Ibadan ko Anaca, inda iska ke jiƙe kusan duk shekara, kuma abin da man ya sha can ba ya amayar da shi in an dawo gida.

Hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce a ɗaura abin a kan Babbar Salla. Wata guda kafin hada-hadar ragunan layya ta kankama, lokacin da mota za ta yi sawu a kan sawu ba hutu, a kai ta gareji. Mai canzawa duk shekara ya yi kowace Salla, mai shekara biyu ya tsallake ɗaya.

Kuma ajiye mota ba ya tsayar da lissafin. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, motoci da dama sun yi watanni a kafe. Da aka buɗe, aka yi musu juye, aka sa batir, aka hau hanya. Man birkinsu kuwa duk tsawon zaman nan yana shan laima. Duk motar da ta daɗe a ajiye, haka nan wadda aka sayo ta hannu, ko daga Kwatano ko daga wurin maƙwabci, a ɗauka ba a san shekarun manta ba, a zubar.

Ana cewa a duba launi. Sabon mai garai-garai yake, da ɗan rawaya kamar tataccen man gyaɗa. In ya koma kamar baƙin shayi, ba shakka ya wuce lokacinsa. Amma haskensa ba shaida ba ce, don mai na iya shan ruwa bai sake launi sosai ba. Wasu gareji yanzu suna da ɗan abin gwaji kamar biro da ake tsomawa cikin kwalbar ya nuna yawan ruwan. In ya nuna kashi 3, a canza.

Sai maganar ciko, wadda ita ce al'adarmu. Birki ba ya ƙona mai kamar inji. In ka ga ya sauka a hankali cikin watanni, takalman birki ne suka cinye, man ya bi su ya cike gurbin. In kuwa ya sauka da sauri, akwai yoyo. Ko wanne ne, ciko bai gyara shi ba, ya dai rufe bakin mai ba ka labari. Direban da ke yawo da gwangwanin man birki a ƙarƙashin kujera yana ƙarawa kowace safiya, motarsa tana da ciwo, a nemo inda yake.

Abin da za a zuba kuwa an rubuta shi a kan murfin kwalbar. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, motar da aka ce DOT 3 za ta karɓi DOT 4, amma wadda aka ce DOT 4 kada a mayar da ita baya. Akwai DOT 5, ba ɗigo ba ɗaya, mai launin shuni-shuni. Wannan wani jinsi ne daban, ba a haɗa shi da sauran. Baƙin mai, da jan man giya, da man sitiyari, ko cokali ɗaya ne ya shiga, robobin birki za su kumbura su lalace, sai an canza su kaf. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa in sun maƙale a daji, ruwa ne dai, wajen digiri 100 zai tafasa, ga tsatsa. In larura ta sa an yi, to a lallaɓa zuwa gari na farko a wanke layin gaba ɗaya, ba wai a ɗauki shanu a ce sai an dawo ba.

A sayi gwangwani mai hatimi, a buɗe shi a gabanka. Wanda ake aunawa a tsohuwar gorar ruwa a bakin tasha, ko wanda aka buɗe tun bara aka ajiye, ya riga ya sha nasa ruwan tun bai shiga mota ba. Araha ba ta ado.

Wajen lita ɗaya ke isar ƙaramar mota ko a-kori-kura. Amma a tsaya a ga aikin. Wani makanike zai zuƙe na cikin kwalba ya cika da sabo, ka leƙa ka ga fes, ka biya. Tsohon man kuwa yana nan a ƙafafu, inda zafin yake. Canji na gaskiya sai an bi ƙafa huɗu ɗaya bayan ɗaya, yawanci daga wadda ta fi nisa da masta, an kwance ɗan noti, yaro na taka birki, har sai sabon mai ya fito ba kumfa, kuma ba a bar kwalbar ta ƙafe ba. Motar da kulocinta na mai ne, shi ma irin wannan man yake sha, a yi masa a rana ɗaya. A kula kada ya zuba a jikin mota, yana cin fenti.

Masu tirela za su ce wannan bai shafe su ba, tunda birkinsu na iska ne. Gaskiya ne manyan motoci irin su DAF da MAN da Howo ba su da man birki. Amma ruwa bai ƙyale su ba. Iskar da kwamfaresa ke matsawa tana tara ruwa a gindin tankunan iska, shi ya sa aka sa musu abin ja a ƙasa. Kowace safiya yaron mota ya ja ya zubar. In ruwa na fita da yawa, ko yana haɗe da mai, to gwangwanin da ke busar da iskar ya gaji, kuma da ma kusan duk shekara ake canza shi. Kanta da ire-irenta kuwa na mai ne, tsofaffin Marsandi 911 kuma sun haɗa biyun, iska na taimaka wa mai, saboda haka duk abin da aka faɗa a sama ya hau kansu.

Ko wane iri ne birkinka, gangara da giya ake saukarta. Giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauka. Sakin mota a firi don a rage shan mai shi ne ɗora wa birki dukan kayan shi kaɗai.

Man giya

Wannan ba ya shan laima kamar na birki, aiki ne ke gajiyar da shi. Haƙoran giya na murza shi, zafi na dafa shi, garin ƙarfe na taruwa a ciki. Masana mai suna da wani ƙiyasi, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin lalacewar mai. Ka tuna da a-kori-kura da aka loda mata bijimai tana jan yashi da giya ta biyu a watan Afrilu, sai ka gane abin da ya sa lissafin Bature bai yi mana daidai ba. A littafin kowace mota akwai jadawali biyu, na aikin yau da kullum da na aiki mai tsanani: ƙura, zafi, kaya mai nauyi, hanya marar kwalta. Mu kullum a na biyun muke.

Ga motar giyar hannu, irin Hilux da Land Cruiser da ƙananan motocin kaya, kilomita 40,000 zuwa 60,000 shi ne daidai, kuma mai bin kasuwannin daji ya riƙe na farkon. Adadin kamar da yawa, amma a lissafa. Daga bakin iyaka zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, zuwa da dawowa 2,000. Mota mai sawu uku a wata ta cinye 40,000 kafin wata bakwai. Manyan tireloli tazararsu ta fi haka nisa ƙwarai, ta kuma danganta da irin akwatin da irin man, don haka a nan littafin motar za a bi.

In an zo canzawa kada a tsaya a giyabos kaɗai. Aksul na baya, wanda 'yan Faransanci ke ce wa pon, yana da nasa man. Mota mai jan ƙafa huɗu kuwa wuri huɗu ne: giyabos, ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, aksul na gaba, aksul na baya. Sau da yawa ɗaya ake canzawa a karɓi kuɗin huɗu.

Lambobin da ke jikin galan suna da ma'ana. 80W-90 ko 75W-90 kauri ne. GL-4 da GL-5 kuwa ƙarfin sinadarin da ke ciki ne. Aksul GL-5 yake so. Giyabos da yawa GL-4 aka rubuta musu, don akwai zobban tagulla a ciki waɗanda ke daidaita giya kafin ta shiga, kuma wasu mayukan GL-5 ba sa shiri da su. Mai shago zai ce maka biyar ta fi huɗu. A nan ba haka ba ne. Akwai ma akwatunan da kamfani ya rubuta musu man inji, kamar tsohuwar Fijo 504. Kauri ba shi ne kyau ba.

Abu biyu za ka sa ido a kai a gareji. Na ɗaya, makanike ya fara kwance notin zubawa na sama kafin na zubarwa na ƙasa. An sha zubar da mai sannan a tarar na saman ya cije, mota ta kwana a kan rami. Na biyu, ka ce a miƙo maka notin ƙasa ka gani, yawanci akwai maganaɗisu a jikinsa. Baƙin gari mai laushi kamar kwalli ba komai ba ne. In ka ji ɓarɓashi a yatsa, ko ka ga gutsuren ƙarfe, wani abu na ci a ciki, sabon mai ba zai warkar da shi ba. Gara a buɗe akwatin a gida da a buɗe shi a Lokoja da shanu a sama.

Akwai lokacin da ba a jiran kilomita, wato in mota ta ratsa ruwa. Giyabos da aksul suna da ɗan hancin shaƙar iska a sama. In suna da zafi suka faɗa gulbi ko kududdufi mai zurfi, sai su huce farat ɗaya su zuƙo ruwa. Duk wanda ruwa ya kai wa motarsa tsakiyar taya da damina, a kwance noti a duba. In man ya koma kamar shayi da madara, a zubar a ranar, ko jiya aka zuba shi. Sauran alamu kuwa direba ya fi kowa saninsu: giya na gardama ko tana ƙara wajen shiga, kuka daga ƙasan mota da ke ƙaruwa da gudu, ko danshin mai a gindin akwati.

Motocin otomatik, waɗanda yawancinmu ke hawa zuwa kasuwa yanzu, sun fi laulayi. A cikinsu man ne ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke canza giya, shi ke sanyaya akwatin. Yawancinsu sabon mansu ja ne garai-garai. In ya yi duhu yana warin ƙuna, an makara. A yanayinmu kada a wuce kilomita 60,000, mai yawan shiga yashi ya rage. Kowane akwati da irin mansa, Toyota kaɗai tana da T-IV da WS, ga kuma akwatin CVT da ke da nasa daban, wanda in aka zuba masa jan mai na gama-gari an kashe shi. Wasu sababbin motoci ba su da ma sandar gwaji, an ce mansu na har abada ne. Ni ban yarda da har abadan da ba ta taɓa bin hanyar Gamboru da rani ba.

Sai dai a yi hattara da tsohuwar otomatik da ba a taɓa canza mata ba, ta yi kilomita dubu ɗari biyu ko fiye. Kada a sa mata injin wanke akwati da ƙarfi. A zubar da abin da zai fita ta noti, wanda da ma bai wuce sulusi zuwa rabi ba, a canza filta in tana da shi, a cika, a yi 'yan dubban kilomita a sake. In kuwa ta riga ta fara suluɓewa, inji na ihu mota ba ta ja, wannan ya wuce maganar mai.

A lura kuma, motocin da aka shigo da su daga Amurka agogonsu da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, wato mil 25,000 shi ne kilomita 40,000. Wanda agogonsa ya mutu, kuma suna da yawa, ya ƙirga sawu. Ɗan littafi irin na bashin kara ya isa: kwanan wata, abin da agogo ya nuna, irin man da aka zuba. A ajiye shi cikin motar, don direba na iya barin aiki, littafin kuwa yana nan.

Da yawanmu ba mu da tirela, shata muke ɗauka, ba mu da ikon cewa a kai mota gareji. Amma kafin a kafa ta a bakin lodi muna da ikon dubawa. Ka leƙa ƙasa ko akwai mai na ɗiga daga giyabos ko aksul, ka dubi cikin tayoyi ko sun jiƙe. In Kanta ce, a buɗe maka kwalbar man birki ka ga launinsa da inda ya tsaya. In tirela ce, ka sa yaron mota ya ja tankin iska a gabanka, sannan direba ya tara iska ya kashe inji, ku yi shiru minti ɗaya ku saurara, kana kallon allurar. In kun ji tsiii, ko allura na sauka, ka ce wa ɗan kamasho ya kawo wata motar tun shanu suna ƙasa.